Darasin Aikin Gona: Ƙasa Mai Zurfi da Ƙasa Marar Zurfi

Dattawan Makoɗa da Ɗambatta sun san Azbinawa. Su ne Buzayen da kan sauko da ayarin raƙuma bayan kaka, ɗauke da gishirin Bilma da dabino, su koma gida da gero. Raƙumansu kan kwana a gonaki, su ci kara, su bar taki. Amma ba kowa ya taɓa tambayar abin da ya sa mutum zai yi tafiyar makonni don neman gero ba. Me ya hana shi noma nasa? Ƙarancin ruwan sama yana ciki. Ɗaya dalilin kuma yana ƙarƙashin ƙafarsa, wato irin ƙasar da Allah Ya ba shi.

Ƙasar Azbin

Azbin tana arewa da Agadas, a Jamhuriyar Nijar. Ƙasa ce ta duwatsu. Mafi tsawo a cikinsu yana kan Dutsen Bagazam, tsawonsa ya ɗara mita 2,000. Da hunturu sanyin wurin ba kama da na Kano ba ne, har ruwa kan daskare da dare a kan tudu. Ruwan sama kuwa kaɗan ne. A birnin Kano akan sami wajen milimita 800 a shekara, amma a Agadas da wuya ya kai 200.

Wasu duwatsun Azbin asalinsu aman wuta ne. A zamanin da, tun kafin a san tarihi, ƙasa ta tsage, narkakken dutse ya ɓulɓulo daga ciki kamar dalma a tukunyar maƙeri. Ya malala, ya huce, ya daskare ya zama baƙin dutse. Wutar ta daɗe da mutuwa, dutsen ne ya rage.

To, ƙasar noma daga dutse take fitowa. Rana ta gasa dutse, sanyi ya kama shi, ya tsattsage. Ruwa ya shiga tsagar, saiwa ta bi, dutse ya riƙa marmashewa. Ganye da kashin dabbobi su ruɓe su gauraya da garin dutsen. Aiki ne mai jinkiri ƙwarai. Kafin a sami ƙasa mai kaurin yatsa ɗaya sai an yi ɗaruruwan shekaru.

Ƙasar da ta fito daga dutsen aman wuta tana da ƙarfi. Shaida tana nan a Jihar Filato, wajen Panyam da Kerang a ƙasar Mangu. Can ma akwai tsofaffin duwatsun aman wuta, amma ruwan sama yana da yawa, dutsen ya ruɓe, ƙasa ta yi zurfi. Shi ya sa masara da dankalin Turawa suke yi sosai. A Azbin kuwa ruwan da zai ruɓar da dutsen babu shi. Ciyawa kaɗan ce, ɗan abin da ya zube ma ba ya ruɓewa da wuri saboda fari da sanyi. Sai ga ƙasa mai kyau, amma a gindin dutse ba ta wuce taƙi ɗaya ko biyu ba, kuma cike da tsakuwa. Ana sara fartanya sai ta yi ƙara.

Ƙasa kamar randa ce, iya zurfinta iya ruwan da za ta riƙe. Saiwar gero takan nutsa fiye da kamu biyu tana neman laima. In ta ci karo da dutse a taƙi ɗaya, sai ta tsaya. Ruwa ya ɗauke kwana goma, geron ya ƙone. Ciyawar daji ba haka take ba. Da ɗan yayyafi ta tsiro, ta yi 'ya'ya cikin makonni kaɗan, ta zubar da iri, ta bushe ta zama abincin dabba.

Azbinawa sun fahimci wannan tun kaka da kakanni. Gindin dutse na awaki ne da raƙuma, ba a kai masa garma. Lambu sai a bakin ƙorama, inda ruwa ya tara ƙasa mai zurfi, kamar a Timiya. Can suke haƙa rijiya, raƙumi ko sa ya ja guga, su noma albasa da tafarnuwa da alkama, har da lemo da rumman. Duk da wannan kula, farin 1973 da na 1984 sun kashe musu dabbobi masu yawa.

Ƙasar Makoɗa

Mai karatu zai ce ai babu dutsen aman wuta a Makoɗa. Gaskiya ne. Yawancin ƙasar nan jigawa ce, rairayi ne da iska ta kwaso ta jibge dubban shekaru da suka wuce. Tana da zurfi amma ba ta da ƙarfi, shi ya sa gona ba ta yi sai da taki. Amma ba ko'ina ne zurfin yake ba. Akwai fako, akwai wuraren da marmara ko tsakuwa ke kusa da sama, akwai kuma gindin duwatsu irin waɗanda ake gani in an nufi Kazaure. Dutsen ya bambanta da na Azbin, matsalar kuwa ɗaya ce.

Mutanen da ba su noma irin waɗannan wurare. Sun bar su makiyaya da burtali. Ba lalaci ya sa su ba. Yanzu jama'a ta yi yawa, gonar gado ta zama ƴar kaɗan bayan an raba, sai ido ya koma kan makiyaya. Ba a zargin magidanci mai bakuna goma don ya nemi ƙarin wuri. Amma ya kamata ya san cinikin da zai shiga.

Shekarar farko hatsi kan yi kyau, domin ƙasar ta daɗe tana hutawa tana shan kashin shanu. Wannan shi ke ruɗin mutane. Da an tumɓuke ciyawar da ke riƙe da ita, sai ruwan farkon damina ya wanke ta zuwa kwari, iskar bazara ta kwashe saura. Bayan 'yan shekaru sai tsakuwa ta fito fili. Gona ba ta samu ba, makiyaya ta tafi. Shanun Fulani da awakin matan gari su rasa wurin tsayawa, su faɗa gonar wani, a tashi rigima har gaban dagaci. Takin da gonakin jigawa ke dogara da shi kuma ya ragu, tunda dabbar da ba ta ƙoshi ba ba ta ba da taki.

Wurin da ya riga ya zama fako ana iya farfaɗo da shi, ko da yake da wahala. Hausawan Adar, a jihar Tawa ta Nijar, sun gwada. A ƙasar Keita, daga 1984, an yi gagarumin aikin jera duwatsu a gicciye kan gangare, don ruwa ya rage gudu ya ajiye ƙasar da ya ɗauko. A wajen Illela kuma manoma kan haƙa ƙananan ramuka da suke kira tassa, su zuba taki cikin kowanne tun da rani. Wanda ba shi da duwatsu zai iya dasa gamba a jere, ita ma tana tare ƙasa, ga kuma zana da jinka.

Aikin aji

Malamin aji ya fita da ɗalibai da diga da shebur. A haƙa rami ɗaya a tsakiyar gonar jigawa, ɗaya a fako ko gefen burtali, bayan an nemi izinin mai unguwa. A tsaya inda diga ta ci karo da marmara ko dutse. A sa kara a auna zurfin kowane rami da taƙi, kowa ya rubuta lambar a littafinsa da hannunsa. A duba kuma inda saiwoyi suka tsaya. In an gama a mai da ƙasar a rufe ramin, kada dabba ta faɗa.