Amsar Tambaya: Gidaje Kaɗan, Yaya Zan Amince da Lissafina?

Malam, ina binciken tasirin taki kan amfanin gero a El Allassane Maïreyrey. Nisan kasuwa na ɗauka makwafin sayen taki, amma gidajen da na bincika kaɗan ne. Yaya zan yi?
Ɗalibi, Maraɗi

Ɗana, kwantar da hankalinka. Gwada dabarar butstiraf ta Bradley Efron, 1979: kwamfuta ta ɗebo daga bayananka, ta mayar, ta sake lissafi sau 999, ka ga yadda sakamakon ke tangal-tangal. Ƙauye-ƙauye za ka ɗebo, ba gida-gida ba, don maƙwabta ruwan sama ɗaya suke samu.

Amma fa hattara. In nisan bai cika hana manomi sayen taki ba, wato ma'aunin F, mai auna ƙarfin alaƙar nisa da sayen taki, ya gaza 10, dabarar za ta yaudare ka. Koma ga gwajin Anderson da Rubin, ka nuna wa malaminka kafin ka rubuta komai.