Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Haɗa Birnin Pilsen Da Giya?

Wani mai sauraronmu daga Damagaram ya aiko yana tambaya: wai me ya sa ake rubuta Pilsner a jikin kwalaben giya?

To malam, sunan gari ne, wato Pilsen da ke Jamhuriyar Cek. Tun da Sarki Wenceslas na Biyu ya kafa garin a 1295 ya bai wa mazaunansa izinin dafa giya a gidajensu. Kowa na yin tasa, har abin ya lalace. A 1838 sai da aka malalar da giya ganga 36 a gaban ofishin magajin gari, don ba ta shayuwa. Kunyar wannan ce ta sa masu sana'ar suka haɗa jari suka gina masana'anta guda, suka ɗauko wani gwani daga Bavariya, Josef Groll. A watan Oktoban 1842 ya dafa giya garai-garai mai ruwan zinariya, alhali jama'a sun saba da mai duhu. Abin da ya taimaka masa shi ne ruwan garin ba shi da gishiri-gishiri, ga ramukan sanyi da suka haƙa a ƙarƙashin ƙasa. Jirgin ƙasa kuma ya kai giyar, mai ɗauke da sunan garin, ko'ina a Turai. Tun 2017 kamfanin Asahi na Japan ke da masana'antar.