Windows 11: Yadda Ake Sauya Taga da Raba Teburin Aiki Ba Tare da an Rasa Aiki Ba

A ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da yake ba Windows 10. Wannan ya shafi masu shagon buga takardu da cike fom a Gumel, da ɗaliban Kwalejin Ilimi ta garin masu rubuta furojet a laftof, domin babbar hanyar da kamfanin ya bari ita ce komawa Windows 11, wadda ta fito tun watan Oktoba na 2021. Abin da ke fara ɗaure wa sabon shiga kai shi ne maɓallin Start da ya koma tsakiya. Gyaran wannan ba wuya: a shiga Settings, sai Personalization, sai Taskbar, sai Taskbar behaviors, a mayar da shi hagu.

Matsalar da ta fi cin rai tana wajen tagogi. Wanda ya saba da waya ya san idan ya ja yatsa daga ƙasa zai ga duk manhajojin da ya buɗe a jere. A kwamfuta, Alt da Tab ne ke yin wannan aiki: a riƙe Alt, a riƙa taɓa Tab har a iso tagar da ake so, sannan a saki. Amma kwamfuta tana da wani mataki da mai waya bai saba da shi ba, wato tebura da yawa a allo ɗaya. Kowane tebur da tagoginsa, kamar yadda a kasuwar Maigatari ranar Alhamis wajen raƙuma daban yake da wajen tumaki.

Ga inda ake faɗawa rami. Windows da D suna ɓoye tagogi a nuna fuskar kwamfuta. Idan yatsa ya haɗa da Ctrl, wato Windows da Ctrl da D, sabon tebur ne zai buɗe, fayau babu komai. Mutum na tsakiyar cike wa wani fom ɗin JAMB, sai ya ga allo ya share. Ya danna Alt da Tab, shiru, saboda a saitin asali tagogin teburin da ake kai kaɗai suke nunawa. Sai hankali ya tashi, ya danne maɓallin wuta ya kashe kwamfutar, kuma a nan ne aikin da ba a adana ba yake salwanta da gaske. Alhali yana nan lafiya lau a teburin farko. Windows da Ctrl da kibiyar hagu sun isa su dawo da shi.

Don ganin komai a lokaci guda, a danna Windows da Tab. Tagogi za su bayyana a sama, tebura a jere a ƙasa. Daga nan ana iya jan taga a jefa ta wani tebur, a sa wa kowanne suna, har a ba shi hoton bango nasa. Hoton bangon ba ado ba ne kawai, da kallo ɗaya mutum zai gane inda yake. Windows da Ctrl da F4 suna rufe tebur, tagoginsa kuwa ba sa rufuwa, maƙwabcin tebur suke komawa.

Wanda ya fi son Alt da Tab su nuna masa duk tagogi ko ina suke, sai ya shiga Settings, System, Multitasking, ya buɗe Desktops ya canza zaɓin zuwa dukkan tebura. Ga sabon shiga, wannan ya fi kwanciyar hankali. A shafin ne kuma ake hana shafukan Edge cusa kansu cikin jerin.

Tebur biyu sun ishi yawancin mutane: ɗaya na aikin kwastoma, ɗaya na WhatsApp da YouTube. Mai kwafar rubutu daga PDF zuwa Word ma ba tebur yake buƙata ba. Windows da Z za su ba shi tsarin raba allo, ya ajiye tagogin biyu gefe da gefe.

Ƙarin tebur ba ya rage wa kwamfuta nauyi. Duk abin da ke buɗe yana cin RAM ko ana ganinsa ko ba a gani, kuma laftof mai 4GB, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da Windows 11 ke karɓa, zai fara jan ƙafa da wuri. Haka kuma tebur ba makulli ba ne, duk wanda ya zauna gaban kwamfutar zai iya leƙa shi. Mai shagon da zai fita sallar azahar ya bar takardun mutane a buɗe, Windows da L zai danna kafin ya tashi.