Darasi Na Tara: Dokar Sheƙar Tsuntsu

Abin karantawa: Kubawar Shari'a 22:6-7; Farawa 2:15; 9:1-10; Matta 10:29-31.
Ayar haddacewa: Zabura 24:1.

Gabatarwa

A cikin dokokin da Ubangiji ya ba Isra'ilawa ta hannun Musa akwai wata 'yar ƙarama, ayoyi biyu kaɗai, wadda masu karatu da yawa su kan wuce ba su lura ba. Zancen mutumin da ya tarar da sheƙar tsuntsu ne, uwa tana kwance a kan ƙwai ko 'ya'ya. An yardar masa ya ɗauki 'ya'yan, amma an hana shi kama uwar. Tilas ya sake ta ta tafi. Bari mu bincika dalilin wannan doka, da abin da ta ke nema gare mu yau.

1. Abin da dokar ta ke koya mana

Da fari, ku lura Allah bai hana mutum cin nama ba. Tun kwanakin Nuhu ya ba da izni, Farawa 9:3. Maharbi da masunci ba masu zunubi ba ne sabili da sana'arsu. Abin da aka hana shi ne haɗama, watau a cinye na yau duk da irin gobe. Uwar da aka saka za ta sake yin ƙwai. Wadda aka kama, zuriyarta ta ƙare ke nan. Kowane manomi ya san wannan, gama ko yunwa ta yi tsanani ba ya taɓa damin iri.

Na biyu, ku dubi alkawarin da ke ƙarshen aya ta 7, na zaman lafiya da tsawon kwana. Ku gwada shi da Kubawar Shari'a 5:16, inda aka umurce mu mu girmama iyaye. Alkawarin iri ɗaya ne. Ashe abin da mu ke gani ƙanƙani yana da nauyi a wurin Allah.

Na uku, jeji ba namu ba ne. An sa Adamu cikin gona domin ya yi aikinta, ya kuma tsare ta. Mu wakilai ne, wakili kuwa za ya ba da lissafi ga Maigida.

2. Ina ungulu ta tafi?

Dattawan da ke cikinmu za su tuna sa'ad da ungulai su ke cika mahauta da kasuwa da bisan tsamiya, har ba mai kula da su. Yau a garuruwa da yawa yaro ya kan girma bai taɓa ganin ko ɗaya ba. A shekara ta 2015 ƙungiyar duniya mai lura da halittu, wadda a ke kira IUCN, ta sa ungulun nan ta kasuwa cikin jerin tsuntsayen da su ke dab da ƙarewa.

Hannun mutum ne ya yi wannan. Ana kama ta, ana kwashe ƙwanta, a sayar wa masu tsubbu. Waɗansu su kan zuba dafi a mushe domin kura ko karnuka, ungulai su sauka su ci, su mutu tari guda. Manyan itatuwan da ta ke sheƙa a kai kuma an sare su domin gawayi da katako. Ga shi kuwa ƙwai ɗaya tak ta kan yi a lokacin haihuwarta, ba kamar zabuwa ba. Wanda ya ɗauke ƙwan ya kuma kashe uwar, ya karya dokar nan sarai.

Gaskiya ne ungulu tana cikin tsuntsayen da aka hana Isra'ilawa ci, amma Mahalicci ya ba ta aiki. Ita ce mai share mushe tun bai ruɓe ya jawo cuta ba. Inda ta ɓace, ƙudaje da karnukan juji su ke gadon aikin, su kawo ciwo har cikin gida. Mun rena ma'aikaciyar Allah domin muninta, ga shi muna biyan bashin.

3. Akwai bege

A ƙasar Nijar, wajen Kure kusa da Yamai, akwai sauran raƙuman dawa irin waɗanda dā su ke yawo har cikin ƙasarmu. A shekara ta 1996 guda 49 kaɗai su ka rage. Hukuma ta tsananta hana kashe su, manoman wurin kuma su ka haƙura da zama tare da su. Bayan shekara ashirin da 'yan kai sun haura 600. Idan aka bar uwa da rai, Allah ya kan mayar da abin da ya ragu.

4. Abin da za mu yi

Maharba su ajiye bindiga da tarko da damina, lokacin da zabin daji su ke ƙwai, namun jeji da yawa kuma su ke goyo. Kada a cuna wa jeji wuta domin gafiya ko zomo. Kada a zuba dafi a mushe ko a rafi, gama dafi ba ya zaɓe. Iyaye su kwaɓi yara masu harbin tsuntsaye da danƙo domin wasa kawai. Mai bi kada ya sayi kan ungulu ko ƙwanta, kada ya sayar, gama laifi biyu ne, tsafi da ɓarna. Kowace ekklesiya ta dasa tsamiya ko maɗaci a filinta, ta kuma tsare manyan itatuwan da ta tarar.

Tambayoyi

1. Me aka yardar wa mutum a Kubawar Shari'a 22:6-7, me kuma aka hana shi?
2. Da waɗanne halittu Allah ya yi alkawari a Farawa 9:9-10?
3. Idan Uba yana lura da gwara, yaya ya kamata 'ya'yansa su yi?
4. Waɗanne namun jeji da tsuntsaye ne kakanninku su ka sani waɗanda babu su yanzu a ƙasarku?
5. Wane abu ɗaya ƙungiyarku za ta fara yi kafin damina mai zuwa?

Addu'a

Ya Ubangiji Mahaliccin dukan masu rai, ka gafarta mana haɗamarmu. Ka koya mana mu ci da godiya, mu kuma rage domin 'ya'yanmu, har ranar da za mu ba da lissafi a gabanka. Cikin sunan Yesu Kristi. Amin.