Ina Kiɗan Da Aka Nuna A Telebijin Ya Tafi?

Daga wani ɗalibin aji biyar

Kafin mu tafi hutun da ya wuce, Malamin Hausa ya ba mu aikin gida, ya ce kowa ya binciko tarihin sana'ar gidansu ya rubuto. Waɗansu sun rubuto ƙira, waɗansu jima, waɗansu dukanci. Ni kuwa da na shiga bincike sai na tarar da wata asara wadda ban san mun yi ba, da na bi sawunta kuma sai na ga ta shafi Hausawa duka. Shi ya sa na ga ya kamata in kawo maganar cikin wannan mujalla tamu.

Ƙauyenmu yana arewa da birnin Kano, a ƙasar Ɗambatta, inda gona ke jingine da gona, ba ka ganin daji sai ɗorawa da gawo da kuka a tsakanin gero da dawa. Kakana, Allah ya jiƙansa, makaɗin noma ne. In an yi gayya shi ke rataya gangar noma ya bi bayan samari yana zuga su, kowa da takensa. Ya rasu tun ba a haife ni ba. Da na zauna da kakata na ce, "Iya, wai yaya kamanninsa in yana kiɗa?" sai ta yi dariya ta ce, "Kai maigidana, ai da ka zo duniya da wuri da ka gan shi a telebijin."

Ta ce wata shekara, bayan zamanin Shagari da kaɗan, an gama kai amfanin gona gida, sai ga mota ta zo ta kwashe shi da yaransa zuwa birni. Suka yi kiɗa cikin wani ɗaki mai fitilu masu zafi kamar rana. Ran da za a nuna su, duk garin ya taru a ƙofar gidan dagaci, inda aka ɗora akwatin telebijin baƙi da fari a kan turmi, aka haɗa shi da batirin mota. Maza suna zaune a tabarmi, yara a gaba, mata kuwa suna leƙe ta bayan danga. Da fuskarsa ta fito sai guɗa ta tashi, har ba a ji farkon kiɗan ba. Sau ɗaya ke nan aka gan shi. Bayan rasuwarsa baffana ya je wannan gidan telebijin neman hoton, aka karɓe shi da mutunci, amma aka ce masa an daɗe da ɗora wani shiri a kan kaset ɗin.

Zuwan telebijin ƙasarmu

Don mu gane yadda haka ta faru, sai mu ɗan koma baya. An buɗe gidan telebijin na farko a Nijeriya a Ibadan cikin 1959. Na Arewa kuwa an buɗe shi a Kaduna cikin 1962, zamanin Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello. A 1977 gwamnatin soja ta kafa hukumar NTA, ta haɗa gidajen telebijin na ƙasa duka a ƙarƙashinta. Da aka koma mulkin farar hula a 1979 sai jihohi suka sami damar buɗe nasu, a nan ne Gwamna Abubakar Rimi ya kafa CTV a Kano, wadda yanzu ake kira ARTV don tunawa da shi.

Tun farko kiɗa da waƙa na cikin manyan abubuwan da ke jawo mutane gaban akwatin. Kafin wannan lokaci, talaka yakan ji muryar mawaƙi a rediyo ko a faifan garmaho shekara da shekaru bai taɓa sanin fuskarsa ba. Telebijin ce ta sa aka ga Alhaji Mamman Shata tsaye a gaban makaɗansa na kalangu, aka ga Ɗan Maraya Jos shi kaɗai da ɗan kuntiginsa, aka ga Musa Ɗanƙwairo da jama'arsa da kotso, da Haruna Uji na Haɗeja da gurmi, da Hajiya Barmani Coge ta Funtuwa da matan da ke kaɗa mata ƙwarya. Akwai kuma masu kukuma irin su Garba Supa da Hassan Wayam, waɗanda samarin wancan zamani ke so ƙwarai. Kiɗan zamani ma ba a bar shi a baya ba, don a cikin shekarun 1980 NTA ta riƙa nuna shirin Bala Miller, wanda ke haɗa jita da ƙahonin Turawa yana waƙa da Hausa. Ban da waɗannan mashahurai, an nuna ɗimbin makaɗan ƙauye irin kakana, masu kiɗan noma da na dambe da na 'yan tauri, waɗanda ba su taɓa buga faifai ko ɗaya ba.

Me ya sa hotunan ke ɓacewa?

Dalilan da na gano guda huɗu ne.

Na farko, a farkon zamanin telebijin yawancin shirye-shirye kai tsaye ake watsa su. Makaɗi yana kiɗa a ɗakin ɗauka, mutane suna kallo a gida a daidai wannan lokaci, in ya gama shi ke nan, ba abin da ya rage.

Na biyu shi ne tsadar kaset. Zaren kaset wata siririyar leda ce da aka shafe da garin ƙarfe, maganaɗisun na'ura ke jera wannan gari ya zama hoto da murya. To, abin da maganaɗisu ya jera, maganaɗisu yana iya rushe shi ya jera wani. Watau kaset kamar allon makarantar allo yake, a rubuta, a wanke, a sake rubutawa. Su kuwa kasusuwan gidan telebijin, irin U-matic da kamfanin Sony ya fitar a 1971 da Betacam na 1982, duk daga ƙasashen waje ake sayo su, kuma U-matic ɗaya ba ya ɗaukar fiye da awa guda. Da darajar Naira ta faɗi daga 1986, kowane kayan waje ya ƙara tsada. Ma'aikacin da ke da labarun dare a gabansa, ba shi da sabon kaset, me zai yi in ba ya jawo tsoho ya ɗora a kai ba?

Na uku shi ne yanayin ƙasarmu. Akwai wani danƙo da ke riƙe garin ƙarfen a jikin ledar. In kaset ya sha laimar damina sai danƙon ya saki, zaren ya manne da juna, wani lokaci ya yi fumfuna. Zafin bazara yana lanƙwasa shi, ƙurar hunturu kuma tana kankare shi in an sa a na'ura. Kaset yana son ɗaki mai sanyi, busasshe, dare da rana, wannan kuwa sai da wutar lantarki wadda ba ta yankewa.

Na huɗu, ko kaset ya tsira, na'urar da za ta karanta shi tana ƙarewa. A 2016 kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe mai ƙera bidiyon kaset irin na gida, ya daina ƙerawa. Masu gyaran irin waɗannan na'urori ma tsufa suke yi.

Ba mu kaɗai abin ya sama ba

Kada wani ya ɗauka cewa wannan sakaci ne na baƙar fata. Gidan BBC na Ingila, duk da arzikinsa, ya yi shekaru yana goge kasusuwansa, sai a 1978 ya kafa tsarin adana su sosai. Suna da wani shirin waƙoƙin samari mai suna Top of the Pops wanda aka fara a 1964, amma yawancin na shekarun farko sun ɓace. Har wasan da mashahuran mawaƙan nan The Beatles suka yi a cikin shirin a watan Yuni na 1966 an goge shi. Sai a 2019 aka samo ɗan guntunsa marar sauti, wanda wani mai kallo ya ɗauka da kyamararsa daga fuskar telebijin a gidansa.

Ga kuma abin mamaki wanda ya faru a ƙasarmu. BBC tana da wani wasan kwaikwayo mai suna Doctor Who, wanda ta sayar wa ƙasashe da dama, ita kuma ta zubar da nata. A 2013 aka ba da sanarwar cewa an samo kashi 9 da suka ɓace, na shekarun 1967 da 1968, a cikin ɗakin ajiya na wani gidan telebijin a Jos. Wani Bature ne ya bi ƙasa ƙasa yana duba ɗakunan ajiya har ya kai gare su. Darasi biyu na ɗauka daga wannan labari. Ɗaya, abin da aka ce ya ɓace yana iya kasancewa a kwance cikin ƙura yana jiran mai nema. Biyu, su sun tashi sun nemi nasu har Jos. Mu wa muka aika neman namu?

Abin da ake rasawa

Wani zai ce, ai waƙoƙin Shata suna nan a wayar kowa, me aka rasa? Gaskiya ne muryoyin manyan mawaƙa sun tsira da yawa ta hanyar faifai da kaset da rediyo. Amma Hausawa sun ce gani ya kori ji. Kunne ba zai nuna maka yadda makaɗi ke matse tsarkiyar kalangu a hammata don ya sauya muryarsa ba, ko yadda yatsun Ɗan Maraya ke fitar da sauti iri-iri daga tsirkiya ɗaya tak. Ba zai nuna maka tsayuwar 'yan amshi ba, ko irin riguna da hulunan wancan zamani, ko yadda ake taka rawa. Shata ya rasu a 1999, Barmani Coge a 2013, Ɗan Maraya a 2015. Ba za a sake kiran su ɗakin ɗauka ba. Ƙananan makaɗan ƙauye kuwa asararsu ta fi muni, don su ba murya ba hoto. A garinmu yanzu noman gayya ya ja baya, kuɗi ake biyan 'yan ƙwadago, ga maganin kashe ciyawa, saboda haka taken da kakana ke yi wa manoma ba mai kaɗa shi.

Kowane ɗan manomi a cikinmu ya san cewa in an yi girbi akan ware zangarniyar da ta fi kyau a rataye don iri, kuma ko yunwa ta yi tsanani ba a dakawa. Nuna shiri a telebijin kamar cin tuwo ne, an ci an ƙoshi a daren. Ajiye shi kuwa aiki ne dabam, shi ne ware iri, kuma shi ne aikin da ba a ba wa muhimmanci ba.

Abin da za mu iya yi

In kun duba tsofaffin hotunan mawaƙanmu da ke intanet, za ku ga da yawa dishi-dishi suke, don daga kaset ɗin gida aka kwafo su, wanda wani bawan Allah ya ɗauka ya jefa a akwati. Ashe ke nan ƙaramin mutum ma yana iya ceton tarihi. Ga shawarwarina:

1. In mun je hutu mu roƙi iyayenmu izinin duba tsofaffin akwatuna da adaka. Kaset ɗin da muka samu, na murya ko na bidiyo, mu tsayar da shi a tsaye a wuri busasshe, nesa da rana da lasifika.

2. Wanda ya yi fumfuna ko ya manne kada mu tura shi cikin na'ura don ɗoki, zai tsinke. A kai wa wanda ya san aikin ya juye shi a kwamfuta.

3. Duk abin da aka juye a rubuta sunan makaɗin da garinsa da shekarar, in an sani. Hoton da ba suna, rabinsa ya riga ya ɓace.

4. Kada mu amince da waya ɗaya. Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, katinta yana lalacewa. A ajiye a wuri biyu ko uku, a kuma kai wa masu adana tarihi, irin su Gidan Ɗan Hausa a Kano ko Arewa House a Kaduna ko malaman Hausa na Jami'ar Bayero.

5. Hukumar UNESCO ta ware ranar 27 ga Oktoba ta kowace shekara don tunawa da adana murya da hoto. Ina roƙon Ƙungiyar Hausa ta makarantarmu, da yardar Shugaban Makaranta, ta riƙa gayyato tsohon makaɗi ɗaya daga ƙauyukan da ke kewaye da mu a wannan rana, a ɗauki hotonsa da bayaninsa.

Kammalawa

Kafin in dawo makaranta na ari wayar baffana, na je wurin wani dattijo, shi kaɗai ya rage cikin waɗanda aka tafi da su birni tare da kakana. Fatar gangarsa ta daɗe da fashewa, sai ya kife ƙwarya ya kaɗa mini take bakwai, yana faɗin sunan manomin da ke da kowanne da gonar da ake kaɗa masa. Na juye su a wuri uku. Da na sa wa Iya ta ji, ta daɗe ba ta ce kome ba, sa'an nan ta ce, "Kiɗan dai shi ne, amma hannun ba nasa ba ne." Hausawa sun ce da babu gara ba daɗi. Hoton kakana ya riga ya tafi, amma tsofaffin garinku wataƙila suna nan da ransu, kuma hutu na nan tafe. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe abin da suka bar mana, amin.