CIYAWAR ADO DA HAƘƘIN MAI ƘISHIRWA

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya saukar da ruwa daga sama Ya rayar da ƙasa da shi. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan'uwa masu karatu, darasinmu na wannan mako a kan ruwa yake. Tambayar da muke so mu warware ita ce: shin hukuma tana da ikon hana mutum shayar da ciyawar ado da ruwan da ya biya kuɗinsa? Abin da ya jawo tambayar wata doka ce da aka yi a Jihar Nebada ta ƙasar Amurka. Za mu fara da bayyana yadda al'amarin ya faru, sa'an nan mu ɗora shi a kan ma'aunin Shari'a.

YADDA ABIN YA FARU

Birnin Las Begas, watau birni mafi girma a Jihar Nebada, a tsakiyar hamada yake zaune. Ruwan saman da yake samu a shekara bai wuce kimanin inci 4 ba, abin da Kano kan sami fiye da ninkinsa a watan Agusta kaɗai. Kimanin kashi 90 cikin 100 na ruwan birnin daga Kogin Kolorado ake jawo shi, ta wajen Tafkin Mid, wanda madatsar ruwa ta Huba ta tara tun cikin shekarun 1930. Wannan kogi mutum wajen miliyan 40 ne suke dogara da shi, a jihohi bakwai na Amurka da kuma ƙasar Meziko. An fara raba ruwansa tsakanin jihohin da wata yarjejeniya ta 1922, kuma rabon Nebada shi ne mafi ƙanƙanta.

Tun daga shekarar 2000 fari ya matsa wa yankin, tafkin ya dinga ja da baya. A watan Agusta na 2021, Gwamnatin Tarayyar Amurka ta ba da sanarwar ƙarancin ruwa a kogin, karo na farko a tarihinsa, aka zaftare kashi 7 cikin 100 na rabon Nebada a 2022. A watan Yuli na 2022 ruwan da ya saura a tafkin kimanin kashi 27 cikin 100 ne kurum na abin da yake iya ɗauka, kuma rabon da a ga haka tun 1937, sa'ad da ake cika shi.

Tun kafin sanarwar, hukumar ruwa ta kudancin Nebada ta riga ta hango inda aka dosa. Ta lura cewa ruwan da ake amfani da shi cikin gida, na wanka da wanki da girki, kusan dukansa ana tace shi a mai da shi tafkin. Amma wanda aka zuba a waje, ƙasa ta shanye ko rana ta ƙafar, ya tafi ke nan, alhali kuwa shi ne kimanin kashi 60 cikin 100 na ruwan da yankin yake kashewa. Don haka tun 1999 take biyan mutane kuɗi su cire ciyawa su dasa tsirrai masu jure fari. Da aka ga lallashi bai wadatar ba, sai aka kai shirin doka mai lamba AB 356 gaban Majalisar Dokokin Jihar a 2021. Majalisa ta amince, Gwamna Steve Sisolak ya sa hannu a watan Yuni na shekarar.

Dokar ta ce daga ranar 1 ga Janairu 2027 ba a shayar da ciyawar ado da ruwan Kogin Kolorado a kudancin jihar. Ciyawar ado ita ce wadda ba mai taka ta sai mai yankanta, irin ta tsakiyar titi da shataletale da gaban ofisoshi da gefen wurin ajiye motoci. Ba a taɓa gidajen da iyali ɗaya ke zaune ciki ba, haka nan filayen wasan yara da na makarantu da wuraren shaƙatawa da jama'a ke zama a kansu. An ƙiyasta cewa za a tsimi kimanin kashi 10 cikin 100 na rabon yankin.

Jihar Kalifoniya ta bi sawu a 2023 da shirin doka mai lamba AB 1572, wanda Gwamna Gavin Newsom ya sa wa hannu a watan Oktoba. Ita ta hana shayar da irin wannan ciyawa da ruwan sha, daki-daki: filayen hukuma daga 2027, na kamfanoni da ma'aikatu daga 2028, filayen tarayya na rukunin gidaje daga 2029. Ta kuma bar ƙofa a buɗe ga shayar da itatuwa don kada su mutu.

MATSAYIN RUWA A SHARI'A

Waɗanda suka tsara waɗannan dokoki ba su duba littafin fiƙihu ba, tilas ce ta kai su. Amma layin da suka ja tsakanin ruwan amfani da ruwan ƙawa, malamanmu sun daɗe da jan sa.

Alƙur'ani Mai Girma ya bayyana a Suratul Anbiya, aya ta 30, cewa daga ruwa aka yi kowane abu mai rai. A Suratul Muminun, aya ta 18, an sanar da mu cewa bisa awo ake saukar da shi, kuma Wanda Ya ajiye shi cikin ƙasa Yana da ikon tafiyar da shi. Aya ta ƙarshe a Suratul Mulk tambaya ce ga mutane game da wanda zai kawo musu ruwa idan nasu ya ƙafe. Abin da aka saukar bisa awo kuwa, wajibi ne a kashe shi bisa awo.

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Anas, Allah Ya yarda da shi, cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi alwala da mudu ɗaya, ya yi wanka da sa'i ɗaya zuwa mudu biyar. Mudun nan shi ne cikin tafin hannu biyu na matsakaicin mutum, sa'i kuwa mudu huɗu. Ahmad da Ibnu Majah sun ruwaito cewa ya tarar da Sa'adu yana alwala yana yawaita zuba ruwa, ya tsawata masa, ya nuna masa cewa ɓarna tana shiga alwala ko da a bakin kogi mai gudu ake yin ta. Malaman hadisi sun yi magana a kan isnadin wannan ruwaya, amma ma'anarta ta dace da hanin da ke cikin Suratul A'araf, aya ta 31. To, idan ana kiran ƙarin ruwa a ibada ɓarna, ina ga ruwan da ake fesa wa ciyawar da ba mai zama a kanta, a garin da tafkinsa ke ƙafewa?

Malaman fiƙihu sun jera haƙƙoƙin ruwa hawa-hawa. Na farko haƙƙin sha ne, na mutum da na dabba. Bayansa haƙƙin ban ruwa ga shuka. Har ma malaman Malikiyya sun ce wanda ke da ruwan alwala, amma yana tsoron ƙishirwa ga kansa ko abokin tafiyarsa ko dabbarsa, sai ya yi taimama ya bar ruwan don sha. Imam Shaɗibi, wanda ya rasu a shekara ta 790 bayan Hijira, ya kasa maslahohi uku a littafinsa Almuwafaƙat: larura, da buƙata, da ƙawa. Idan suka yi karo, ƙawa ce take ba buƙata hanya, buƙata kuma ta ba larura. Ruwan sha larura ne, inuwa da filin wasan yara buƙata ne, ciyawar shataletale kuwa ƙawa ce.

IKON HUKUMA

Wani zai ce, "Malam, ai da kuɗina na sayi ruwan nan, ina ruwan hukuma da inda na zuba shi?" Amsa ta kasu biyu.

Ta farko, Abu Dawuda ya ruwaito cewa Musulmi suna tarayya a kan abubuwa uku, watau ruwa da makiyaya da wuta. Malamai sun ce ruwan da mutum ya ɗebo ya zuba a tulunsa mallakarsa ne, yana iya sayarwa. Amma kogi da tafki na kowa ne, kuma Buhari da Muslim sun ruwaito hani ga mai rarar ruwa ya hana shi. Kuɗin famfo da kake biya bai mai da kogi naka ba. Ko dukiyar da take taka tsantsa ma ba a yarda ka banzatar da ita ba, shi ya sa Suratun Nisa'i, aya ta 5, ta hana a danƙa dukiya ga wanda bai san darajarta ba.

Ta biyu, tsara rabon ruwa aikin shugaba ne tun zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Buhari ya ruwaito jayayyar da ta faru tsakanin Zubairu ɗan Awwam da wani mutumin Madina a kan magudanar da suke shayar da dabinonsu. Hukuncin da aka yanke shi ne na sama ya shayar gwargwadon ƙa'ida, sa'an nan ya saki ruwan ga na ƙasa. Imam Malik ya kawo irin wannan a Muwaɗɗa game da kwaruruka biyu na Madina, Mahzur da Muzainib, inda aka iyakance riƙon ruwa da kaiwarsa idon sawu. Haka nan Annabi ya keɓe filin Naƙi'i ya mai da shi hurumi, Sayyidina Umaru kuma ya keɓe Rabaza, duk domin amfanin jama'a. Daga irin waɗannan ne malamai suka fitar da ƙa'idar cewa duk abin da shugaba zai zartar a kan talakawa, maslaharsu ce ma'auninsa. Saboda haka hukuma tana da ikon taƙaita abin da asalinsa halal ne idan barinsa zai cuci jama'a.

SHARUƊƊAN DA KE KAN HUKUMA

Amma fa wannan iko yana da iyaka. Musulunci bai ƙi lambu ba. Suratun Naml, aya ta 60, ta ambaci lambuna masu ƙayatarwa a cikin ni'imomin Allah. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wanda ya dasa itace, duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga gare shi sadaka ne ga mai dashen. Don haka akwai sharuɗɗa uku da ya kamata doka irin wannan ta cika.

Na farko, kada a kashe itatuwa. Itacen da ya girma cikin ciyawa ya saba shan ruwan da ake fesa mata, in aka cire ciyawar aka yanke ruwan gaba ɗaya sai ya bushe. Birnin hamada kuwa in ya rasa inuwa, talaka mai tafiya a ƙasa shi ne zai fara jin jiki. A nan dokar Kalifoniya ta yi kyau da ta keɓe itatuwa a fili.

Na biyu, kada a taɓa wurin shaƙatawar jama'a. Mai kuɗi yana da lambu a gidansa, marar shi kuwa ba inda 'ya'yansa za su yi wasa sai filin unguwa.

Na uku, a yi adalci wajen raba nauyi, a kuma ba da lokaci da taimako. Nebada ta ba da wa'adin fiye da shekara biyar, tana kuma biyan masu cire ciyawa. Duk da haka gaskiya ce cewa mafi yawan ruwan da ake ɗiba daga Kogin Kolorado gonaki ne suke shanye shi, babban kaso kuma a noman abincin dabbobi yake tafiya. Hana ciyawar birni kaɗai ba zai cika tafki ba, dole sauran masu ɗiba su ma su ɗauki rabonsu na haƙuri.

ABIN DA YA SHAFE MU

Mai karatu da ke sayen ruwa jarka-jarka wajen 'yan garuwa ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan darajarsa. Amma sau nawa muke ganin an bar famfon masallaci yana zuba mutum yana alwala yana hira, ko an sa tiyo ana wanke mota har ruwa ya malale titi, alhali maƙwabci yana bin layi da bokiti? Buta ɗaya ta ishi alwala har da rara. Wanda Allah Ya hore wa fili ya dasa darbejiya ko tsamiya ko wani itace mai jure rani, wanda zai yi wa mutane inuwa bayan ransa, ya kuma shayar da shi da ruwan alwala da na wanke-wanke maimakon zubarwa. Wanda ke da rijiyar burtsatse a gida ya tuna da Sayyidina Usmanu, wanda ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya mai da ita ta jama'a. Masu riƙe da hukuma kuwa, in za su ƙawata gari, su fara tambayar wa zai amfana, kuma daga bakin wa aka ɗauke ruwan.

Allah Ya ba mu ikon gode wa ni'imarSa, Ya tsare mu daga ɓarna, Ya ba mu damina mai albarka. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.