Amsar Tambaya: Excel Ya Cunkushe Mini Lambobin Hoto

Tambaya: Ɗalibi ne ni a Treichville. Na fitar da lambobin hoto marar launi da Python, sai Excel ya cusa kowane jere a gida ɗaya.

Amsa: Ɗana, lambobinka lafiya lau suke: kowane ɗigo daga 0, baƙi ƙirin, zuwa 255, fari fat. Kwamfutarka ce aka saita da Faransanci, kamar yawancin na Abidjan, inda waƙafi ke nuna ɓarin lamba, misali 2,5, shi ya sa Excel ke jiran ";" tsakanin lambobi maimakon waƙafi. A savetxt na NumPy, sa delimiter=";" da fmt="%d". Tun farko mayar da hoton tsarin L, wato marar launi, da Pillow, don wani hoton toka-toka yake a ido alhali launi uku ne a ciki. Excel kuma ba ya wuce gida 16,384 a kwance, don haka kada faɗin hoton ya wuce ɗigo haka.